Harkar Dabbobi

Kalma biyu Muttaka ya roƙe ni in riƙe, tun muna cikin jirgin ƙasa daga makaranta: harkar dabbobi.

"In Yaya ta tambayi sana'ar Baba, abin da za ki ce ke nan. Ai ba ƙarya ba ce, Haulatu. Ki bari ta fara son ki tukuna, sauran ki bar mini."

Na ce to. Har yau in na tuna wannan "to" ɗin sai in ji kunyar kaina. Babana, Malam Nababa, mai tsire ne. Shekara talatin da huɗu yana kafa tsinke a tukuba a bakin tashar mota a Funtuwa, kuma da hayaƙin nan aka yi mini karatu tun daga firamare har na samu gurbin digiri na biyu a Doha. Muttaka ya san haka tun watan da muka haɗu a ɗakin karatu. Shi bai dame shi ba, in ji shi. Danginsa ne ba sa haɗa jini da mahauta, kuma duk abin da yayarsa Rukayatu ta faɗa wa Hajiyarsu a Kano, shi ke zama. Ita ce za ta gan ni ran nan, ta buga waya gida, ko manya su shirya zuwa Funtuwa ko a bar maganar. Ina son Muttaka, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na haɗiye.

Anti Rukayatu ce ta zaɓi wurin. Shekararta tara a Umm Salal, can bayan Doha, da mijinta, ta san duk lungun da ake cin abin da ba a iya faɗar sunansa. Wani ɗan shago ne a bayan layi a unguwar Al Sadd, da ƙofar katako da guntun labule wanda sai ka sunkuya za ka shiga. Kujera takwas ce kacal, a jere a gaban kanta. Bayan kantar akwai wani dogon murhu siriri cike da garwashi, ga wani tsoho ɗan Japan tsaye a kansa, farin ƙyalle ɗaure a goshi, mafici a hannu. Kuroki sunansa.

Ƙamshin ne ya fara kama ni. Maiƙo a kan gawayi. Shekara ɗaya da rabi rabona da shi, sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar soron gidanmu.

"Yalla, maza ku zauna," in ji Anti bayan mun gaisa, tana ƙare mini kallo daga ɗankwali har takalmi. "Wata biyu na yi kafin in samu kujera a nan. Yakitori ake ce masa. Kaza ce a tsinke, amma ba irin wadda kika sani ba. Ba a zaɓa, shi ke ba ka abin da ya ga dama, tsinke goma, ɗaya bayan ɗaya."

A raina na ce: tsire ne dai ya je makaranta.

Tsinken farko cinya ce da lawashin albasa a tsakani. Na ɗauki sandunan cin abincinsu zan zare naman in zube a faranti, yadda ake zare tsire a kan takarda, sai Anti ta dafe mini hannu.

"A'a! Ba a zarewa. A tsinken ake ci, kuma da zafinsa. Raini ne ga mai gashin ki zare ko ki bari ya huce. Mutumin nan shekara talatin ya yi yana wannan aiki, a ƙasarsu girmama irinsu ake yi."

"To, Anti," na ce. Ashe ta san ana iya raina mai gashi. Na ajiye wannan a gefe.

Gaskiya tsohon ya iya wuta. Ba ya magana, ba ya kallon kowa. Gishiri daga sama yake barbaɗa shi, ya juya tsinke da yatsa biyu, ya ɗan kaɗa mafici daga gefe. Na biyu ƙundu ne, na uku hanta wadda cikinta ya rage laushi, na huɗu guringuntsin ƙirji. Duk kafin ma'aikaciyar shagon ta faɗi sunansu na gane su. Da na biyar ya zo Anti har lumshe ido ta yi.

"Wannan na fi so. Bonjiri. Ban san ko wane ɓangare ba ne, amma narkewa yake yi a baki."

Gindin kaza ne. Wanda Baba ke yankewa ya jefa wa kyanwar tasha. Na buɗe baki, Muttaka ya zuba mini ido, na mayar da bakin na rufe da lomar. Da daɗi kuwa, ba zan ci amanar tsohon ba.

Daga nan Anti ta fito da waya tana ɗaukar hoton Kuroki.

"Ku dubi tsabta don Allah. Ku dubi natsuwa. Wannan shi ne sana'a. Ba irin mahautanmu ba, riga duk jini, ƙuda na bi, a naɗe maka nama a tsohuwar jarida. Ni fa ko inuwa ba na son haɗawa da su."

Muttaka ya yi 'yar dariya. Ƙarama ce, ta hanci, irin ta wanda ke son a wuce wurin. Maganar Anti ba ta yi mini zafin da dariyar nan ta yi mini ba. Baba yana da riguna uku na aiki, farare, kuma ni ce mai wanke su da bula tun ina aji huɗu.

"Af, Haulatu," ta juyo. "Muttaka ya ce mahaifinki ɗan kasuwa ne?"

"Harkar dabbobi yake yi," na ce. Sumul ta fito, ko tuntuɓe ban yi ba.

"Masha Allah. Shanu yake lodawa Kudu ke nan?"

Ban samu na amsa ba. Kuroki ya jera tsinke shida na fatar kaza a kan wuta, ma'aikaciyar ta kira shi daga ƙofar kicin, ya juya baya. Fata kuwa kitse ce zalla. Maiƙo ya ɗiga, ya sake ɗiga, wuta ta tashi bal ta lashi tsinken.

Wallahi ban yi shawara da hannuna ba. Mu biyar Baba ya haifa mata kafin ya samu namiji, tun ina shekara takwas nake soke nama a tsinke a soro, ranar sallah kuwa in zai gasa na gida ni yake bar wa wuta. Kullum maganarsa ɗaya: ba a gardama da wuta, kauce mata ake yi. Kafin in ankara na miƙe, na tura hannu ta saman kantar, na kwashe tsinken shida a tsakanin yatsuna, na juya su, na mayar da su ƙarshen murhun inda garwashi ya yi toka. Na ɗauki maficin na kaɗa sau biyu daga gefe. Wutar ta kwanta.

Wasu Larabawa biyu da ke ƙarshen kanta sun tsaya da tauna.

"Innalillahi!" in ji Anti ƙasa-ƙasa. "Ke lafiyarki? Wa ya ce miki ana taɓa masa wuta?"

Kuroki ya dawo fuska a murtuke. Ya karɓi maficinsa daga hannuna. Ya ɗaga tsinke ɗaya ya duba sama da ƙasa, ya ɗaga na biyu. Ko ɗaya bai ƙone ba. Sai ya dubi inda na ajiye su, ya dubi yatsuna, ya daɗe yana kallo. Da guntun Turancinsa ya ce, "Wa ya koya miki?"

Na ji takalmin Muttaka a kan ƙafata, yana dannawa a hankali.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zare ƙafata. Na amsa wa tsohon da Turanci, na ce babana ne, aikinku ɗaya, shi dai naman sa da na rago yake yi. Sannan na juya na maimaita da Hausa, don kada wani ya ce bai ji ba.

"Babana mai tsire ne, Anti. Mahauci ɗan mahauci. Dabbobin da yake harka da su a tsinke suke. Kuma rigarsa ta fi mayafin nan nawa fari."



Kuroki bai san abin da ke faruwa ba, shi dai ya ji an ambaci ɗan'uwansa a sana'a. Ya tambaye ni shekara nawa baban nawa ya yi a kan wuta. Na ce talatin da huɗu. Ya nuna ƙirjinsa ya ce shi talatin da ɗaya, ashe babana gaba yake da shi. Sai ya ja baya kaɗan, ya haɗe ƙafafu, ya sunkuyar da kai. Ba ni ya sunkuyar wa ba, na sani.

Tunda abin ya kai haka, na ce bari in ƙarasa. Na buɗe jaka na fito da ɗan gwangwanin yajin Baba, wanda nake yawo da shi saboda abincin makaranta da ba ya da kai ba ya da gindi. Na miƙa masa. Ya shinshina, ya lasa a yatsa, ya yi tari har da ƙwalla. Ya sake lasa. Ya ce gyaɗa? Na ce ƙuli-ƙuli ne, gyaɗar da aka matse wa mai. Ya ce citta? Na ce da masoro da kanumfari, sauran kuma sirrin mai shi ne. Karon farko na ga haƙoransa.

"Muttaka," in ji Anti, ko kallona ba ta yi ba. "Ka san da wannan?"

Nan ne wurin. Kalma ɗaya nake jira, e.

"Yaya, ai... harkar dabbobin ce dai. Yana da yara da ke masa aikin, ba wai shi da kansa ne kullum..."

"Shi da kansa ne," na ce. "Kullum."

"Khalas, shi ke nan." Ta jefa waya a jaka ta miƙe.

"Anti, saura tsinke biyar," na ce. "Ke kika ce raini ne ga mai gashi a bar masa nama ya huce."

Ta yi mini wani kallo, ta ɗaga labule ta fita. Muttaka ya tsaya tsakanin kujera da ƙofa, ya yi tsuru-tsuru.

"Me ya sa kika yi haka, Haulatu? Saura ƙiris fa. Da kin bari..."

"Da na bari me? A je Funtuwa a tarar da shi a ofis?"

"Bari in raka ta mota. Minti biyar, yanzu zan dawo."

Ya fita, na zauna. Kuroki ya sauke fatar nan, ya barbaɗa wa tawa yajin Baba, ya ajiye mini. Ya ajiye ɗaya a farantin Muttaka, ya ɗauke farantin Anti. Na ci tawa, ta yi ƙus-ƙus, yajin ya zauna mata kamar dama don ita aka daka shi. Ina ci ina kallon labulen.

Tsinke na bakwai ya zo, zuciya. Na ci tawa. Ta Muttaka ta kwanta kusa da fatar, maiƙonsu ya fara daskarewa ya yi fari. Sai wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne: ranta ya ɓaci sosai, ba zai bar ta ta yi tuƙi haka ba, zai kai ta Umm Salal, gobe ma yi magana a natse.

Na karanta sau biyu. Na ji zafi ƙwarai, har sai da na danne idona da gefen mayafi na ɗora wa hayaƙi laifi.

Kuroki ya ɗauko ɗanyen fiffike zai ɗora. Ya dubi kujerar da ba kowa, ya dube ni, ya ɗaga yatsa biyu yana tambaya.

Na ɗaga masa ɗaya.

Ya gyaɗa kai, ya mayar da ɗayan cikin tire, ya kwashe farantin da ya huce.

Ƙarfe bakwai a Doha, biyar ke nan a gida, lokacin da Baba ke hura wuta. Na kira shi ta bidiyo. Ya ɗauka waya na karkace, hayaƙi a bayansa, ana ta odar mota.

"Haulatu? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Wani tsoho ne a nan yake gaishe ka. Ɗan Japan, mai tsire ne shi ma."

Na juya wayar. Kuroki ya sake sunkuyawa. Baba ya ɗaga masa mafici, ya matso da fuska yana leƙen murhun.

"Kai! Wannan gawayi ko hayaƙi ba ya yi. Tambaye shi wane icce ne." Sai ya tuna. "Af, ba yau ne kika ce za ki ga dangin yaron nan ba? Ina baƙin naki?"

"Sun tafi, Baba."

Ya dube ni ta cikin wayar, irin kallon da yake yi wa nama in yana son ya san ko cikinsa ya nuna. Bai tambaye ni dalili ba.

Kuroki ya ajiye fiffiken a gabana, yana tsartsar mai.

"To," in ji Baba. "Ajiye wayar ki ci da zafinsa."