Ranar da Hajja Fatna ta yanka Umda

Ni dai ba a gayyace ni ba, na bi su ne kawai. Hajja Fatna maƙwabciyata ce a Hayyin Ashir, unguwarmu ta 'yan Sudan a Alƙahira, ƙofarta na kallon tawa, kuma duk faɗan da take yi da matar ɗanta Mahasin ta bango nake jin sa. To da na ji za su fita tare, ai sai na yafa tobina, mayafin fita unguwa.

Ɗan nata Hamad gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a Ma'adi. Wani likita da yake yi wa aiki ya tsaya masa aka ɗauke shi a kulob ɗin masu kamun kifi da fatsa, can hanyar Isma'iliyya. Tafkuna ne a cikin itatuwan turare. Shi kaɗai ne baƙar fata a wurin, kuma gwaji aka ba shi, in ya karya doka ɗaya sun kore shi. Tun da ya shiga, duk Juma'a ba ya gida. Mahasin ta tsani kulob ɗin nan kamar ta cinna masa wuta.

Ranar da kulob ke bari a zo da iyali ce, a bazarar 2013. Tun a mota aka fara.

"Kifin da kake kamawa, ina yake zuwa?" in ji Hajja Fatna. "Ko wutsiya ban taɓa gani ba. Ko wannan ce ke soyewa ta cinye a ɗaki?"

"Hajja, ni ko ƙarninsa ban taɓa ji ba," in ji Mahasin. "Tambayi ɗanki."

Hamad ya ce wa uwarsa, "Yumma, ma'alish, yi haƙuri, zan yi miki bayani in mun isa." Bai yi ba. Yana sauka ya manta da mu.

Abin da bai gaya mata ba shi ne, a wurin nan ba a cin kifi. A kama, a auna, a yi hoto, a mayar ruwa. Ni ma sai daga baya na sani. Mahasin kuwa ta sani sarai, don kullum a kansa suke rigima. Ita ko Hajja Fatna 'yar masunta ce daga Mai Wurno ta Sudan, a cikin jirgin ubanta ta yi wayo.

Muna zaune a inuwa, matan Masar na kallonmu ta wutsiyar ido, sai ihu ya tashi. Hamad ya kamo wani ƙaton kifi irin wanda suke kira mabruka. Ashe tsoho ne a tafkin, har suna suka sa masa, wai Umda, wato mai gari, kuma manyansu sun yi shekaru suna nemansa. Wani mai tumbi ya ce da Larabci sa'ar baƙo ce kawai. Hamad ya yi kamar bai ji ba. Ya sa kifin a raga cikin ruwa, ya ruga kiran shugaban kulob ya zo da sikeli.

Hajja Fatna ta leƙa ragar. "Zai bar shi ya sha wahala har ya mutu? Naman zai lalace."

Na ga Mahasin ta dubi hanyar da mijinta ya bi. Sai ta buɗe kwandon abinci ta zaro wuƙar yanka kankana.

"Ni ban iya gyaran kifi ba, Hajja. Ke kullum kina faɗa."

"Yo da ma me kika iya? Kawo nan!"

Wallahi tsohuwar nan ta burge ni. Ta jawo shi kan ciyawa, ta danne da gwiwa, ta yi bisimilla. Kafin mazan su iso ta farke cikin, tana kankare ɓawo tana waƙa.

Shugaban ya tsaya da sikeli a hannu, bakinsa a buɗe. Mai tumbi ya fara zage-zage da Larabcin Masar da Hajja ba ta ji sosai, wai da ma ya faɗa kada a ɗauki irinmu. Hajja Fatna ta miƙe da wuƙa tana ɗigar jini.

"Me wannan tulun yake cewa? Hamad, gaya masa in yana so a ba shi kai, ya roƙa da ladabi!"

Hamad bai fassara ba. Ya roƙi shugaban, ya ce uwarsa ba ta san doka ba, zai sayo wani kifin ya zuba. Shugaban ya ce Umda ba na sayarwa ba ne, khalas, magana ta ƙare, sai dai Hamad ya miƙa katinsa na kulob ya kwashe iyalinsa. Likitan da ya tsaya masa ya juya baya yana gyaran fatsarsa.

A bakin ƙofa Hamad ya dubi wuƙar, ya dubi matarsa.

"Wa ya ba ta?"

"Ita ta karɓa, Abu Rayan," in ji Mahasin, tana kiransa da sunan ɗansu.

"Kin san doka."

"Na sani. Kai ma ka san kana da gida."

Sai a nan Hajja Fatna ta gane an yi aiki da hannunta. Zagin da ta yi wa Mahasin daga nan har Ashir, direban motar da ta kwaso mu ma sai da ya rage rediyo don ya ji.

Kifin dai an soya shi, ni na samu tsakiya. Hamad bai taɓa ba. Juma'ar da ta biyo yana gida tun safe har dare, zaune a baranda, kuma duk kasa kunnen da na yi ban ji ya ce wa ɗayarsu uffan ba.