Hular Sajan Dantani

Sau uku Markus yana kai kofin shayi baki, sau uku yana mayar da shi kan tebur, ko kurɓa ɗaya bai yi ba. Mutumin da ya saba riƙe makirfo awa huɗu a tsaye gaban taro, wai yau shi ne kofi ya gagara.

"Ka sha mana," in ji Yazid. "Ba a zuwa wurin 'yan sanda da yunwa."

Yazid ma'aikacin wani kamfanin waƙa ne a Kaduna. Takanas ya zo Zuru ya ɗauki bidiyon wasan Markus, da takardar yarjejeniya a jakarsa, saura sa hannu. Shekara goma sha ɗaya Markus yana waƙa a bukukuwan aure da na coci yana jiran takarda irin wannan, sai ga ta ta zo tare da masifa.

Ga abin da ya faru. Zuru garin soja ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Markus yana da waƙar da yake jero sunayen sojojin da suka tafi ba su dawo ba. Wata rana, shekara shida da suka wuce, ya kira sunan Sajan Dantani, sai matar marigayin, Mama Hannah mai ƙosai, ta hau dandamali da hular mijinta, ta ɗora wa Markus a ka. Ya sara mata, ya mayar mata da hular, taro ya ɗauki kuka. Tun daga ranar abin ya zama al'ada. Macen da aka kira sunan mijinta ta ƙi hawa, sai ta yi mako guda tana shan tambaya a kasuwa.

Jiya da la'asar aka yi bikin godiyar girbi a filin ƙwallo. Baba Aaron kafinta ne ya haɗa dandamalin yadda ya saba, ya jera gangunan mai, ya shimfiɗa katako a kai. Ana dab da farawa ya ja Markus gefe, bayan lasifika, inda babu kowa.

"Katakon da ke bakin matakalar gaba, gara ta cinye cikinsa, yanzu na gani," ya ce. "Babu lokacin canzawa. Ku mawaƙa ta baya kuke hawa, ba ruwanku. Amma yau kada ka ce mata su hau. Su tsaya ƙasa, kai ka sunkuyo su sa maka hular."

"To, Baba," in ji Markus, kuma wallahi har zuciyarsa ya faɗa.

Amma da waƙar ta ɗauki zafi, sai ya hango kyamarar Yazid ta juyo kansa. Wannan hawan da wannan hular ai su mutanen Kaduna suka zo gani. Ya ji bakinsa yana cewa, "Sajan Dantani, ina uwargida? Hawo, Mama, hawo!" Ta hau tana rawa. Taku biyu katako ya karye, lasifikar da ke gefe ta bi ta ƙasa ta danne mata ƙugu. Markus ya kai hannu, sai hular ya kamo, ba matar ba. Nan take 'yan sanda suka tafi da Baba Aaron, shi kuma suka ce ya zo yau da ƙarfe biyu ya rubuta bayani.

"Na yi magana da lauyan kamfani," in ji Yazid, ya rage murya. "Kai mawaƙi ne, ba kafinta ba. Wanda ya haɗa dandamali shi ke da alhakinsa. Amma in aka ce ka san da matsala kuma ka kira ta, to sakaci ne, kotu za a kai ka, ɗauri ma ba abin mamaki ba ne. Kamfani kuwa ba ya sa hannu da mai shari'a a wuya. Tsohon nan ya faɗa maka wani abu kafin a fara?"

Markus ya buɗe baki. Yazid ya ɗaga hannu da sauri.

"A'a, kada ka ba ni amsa. Ban tambaya ba. Ka je ka ce ba ka sani ba, shi ke nan."

Wayar Markus ta yi ƙara. Tun safe haka take yi masa. Masu bikin aure a garin Mahuta sun ce sun fasa, sun sami wani mawaƙi. Fasto ya aiko cewa ya ɗan huta da zuwa ƙungiyar mawaƙa sai ƙura ta lafa. Wannan karon mai gangarsa ne, magana ɗaya ya yi ya kashe: Joel ya baro barikinsu na Wasagu tun da asuba.

Joel shi ne ɗan Mama Hannah, kofur ne a soja. Tare suka yi firamare da Markus, kuma tun Joel yana aji huɗu malamai biyu ke riƙe shi in ya fusata. Markus ya duba agogo, sha ɗaya da rabi. Ya ce a ransa in ya yi sauri zai mayar da hular, ya gaida Mama, ya fice kafin sojan ya iso. Hular kam ba ya iya ƙara wuni da ita, tun jiya take cikin jakarsa, ko taɓa jakar ba ya so.

Ya tari ɗan kabu-kabu, ya ce masa asibiti, amma kada ya bi ta gaban ofishin 'yan sanda. Ashe gudun banza ne. A kwanar kasuwa suka ci karo da Agnes matar Baba Aaron, tana tafe da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali. Ta ɗaga hannu, dole aka tsaya.

"Markus, ɗana, ka ga abin da ya same mu?"

"Na gani, Mama. Yaya jikin Baba?"

"Ga tuwon nan na dawo da shi, ko loma bai yi ba. Sun hana beli sai an ga yadda jikin Hannah zai yi. Sun tambaye shi, sun tambaye shi, ya ƙi cewa komai. Wai su jira sai ka zo tukuna." Ta share ido da bakin zane. "Mutum mai hawan jini a bayan kanta! Kai suna jin maganarka, ka roƙa mana su."

"Zan je, Mama. Ƙarfe biyu."

"Allah Ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta fi zagi ciwo. Har suka kai ƙofar asibiti yana maimaita kalmomi uku a zuci, ban sani ba, ban sani ba, don kada su maƙale masa in lokaci ya yi.

A ɗakin mata, gado na huɗu, abin da ya fara gani shi ne takalmin soja da jar ƙasa a jiki. Joel ya riga shi. Yana zaune a kujerar roba da ta yi masa kaɗan, yana yi wa uwarsa fifita da kwali. Ƙafafun Markus suka ce a koma, amma Mama Hannah ta riga ta gan shi.

"Ga mawaƙina! Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo."

An ɗaure ta tun daga ƙugu har gwiwa, fuskarta ta faɗa a kwana ɗaya. Markus ya durƙusa a gefen gadon, ɓangaren da Joel ba ya nan.

"Sannu, Mama. Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Wai ƙashin ƙugu ne ya tsage, sai an kai ni Sakkwato an yi aiki. Likita ya ce zan yi tafiya, amma rawa kam sai dai in yi kallo." Ta yi ɗan murmushi. "Ka huta da tsohuwa."

Joel bai amsa gaisuwarsa ba. Ya ajiye kwalin, ya dube shi da jajayen idanu.

"Na ga bidiyon," ya ce. "Har barikinmu an turo. Abu ɗaya nake son sani. Wa ya san katakon nan ruɓaɓɓe ne?"

Markus ya dubi ƙasa. Kafin ya buɗe baki Mama Hannah ta karɓe.

"Aaron ya sani. Ai a gindin matakala ya tare ni, ya riƙe mini hannu, ya ce Hannah kada ki hau. Na fizge. Na ce a kira sunan Dantani a gaban duk Zuru, ni in tsaya ƙasa kamar wadda ba ta san shi ba? Haba!"

"Kin ji ko?" Joel ya miƙe tsaye, kujerar ta faɗi. "Ya sani, ya bar dandamali a haka. Wallahi sai tsohon nan ya ruɓe a gidan yari. Yanzu zan je in sa su rubuta abin da kika faɗa."

"Zauna, Joel, asibiti ne nan." Ta juyo wajen Markus, muryarta ta yi laushi. "Abin da ya ba ni haushi da Aaron, me ya hana shi gaya wa yaron nan? Da ya gaya masa ai ba zai kira ni ba. Tun jiya nake faɗa wa nas-nas ɗin nan, Markus ɗana ne, ba zai kira ni in hau abin da zai karye ba. Ko ya gaya maka?"

Ba tambaya take yi ba, so take kawai ta ji ya ce a'a, ɗanta ya ji da kunnensa. Hanya ta buɗe wa Markus fetal, ko ƙarya mai tsawo ba sai ya yi ba, girgiza kai ya isa. Tsoro ya cika shi har yatsun ƙafa, tsoron hannun Joel, tsoron kotu, tsoron komawa gona da garma yana jin waƙar wasu a rediyo. Sai kuma ya tuna kwanon tuwon da ke ɗaure a ɗankwali.

"Ya gaya mini, Mama."

Matar gado na uku ta daina tauna.

"Me ka ce?" in ji Joel.

"Kafin a fara ya gaya mini. Ya ce kada in kira kowa ya hau, na ce to. Da na ga mutumin Kaduna yana ɗauka, sai na kira. Baba Aaron ya yi nasa. Ni ne."

Joel ya zagayo gadon. Markus ya runtse ido, ya noƙe wuya, yana jiran saukar hannu. Ya ji numfashin sojan a kansa, ya ji warin zufa da man babur. Shiru, ba abin da ya sauka.

"Ƙarfe nawa 'yan sanda suka ce ka je?" in ji Joel.

"Biyu."

"Yanzu za mu je. Ni zan kai ka, kada bakinka ya canza a hanya. Ina jiran ka a waje."

Takalman suka fita. Wayar Markus ta fara ƙara a aljihu, ya san Yazid ne, ya bar ta har ta gaji. Mama Hannah ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Kallon sa kawai take yi, kallon da ake yi wa mutum in ana son tuna inda aka san shi.

"Hular tana wurinka?"

Ya zaro ta daga jaka da hannu biyu. Shekara shida in ya mayar mata da ita sai ya sara, ita kuma ta ce sai wani bikin, mawaƙina. Hannunsa ya fara ɗagawa da kansa, ya tsaya a rabin hanya.

Ta karɓa, ta kaɗe ƙurar filin ƙwallo da ke jiki, ta ninke ta biyu, ta tura ƙarƙashin matashin kai.

"In sun sake ka, in kuma ka sake waƙa," ta ce, "ka tsallake sunan Dantani."

Ta juya fuska wajen bango. A waje Joel ya tayar da babur.