Hirar da Aka Yanke wa Wutsiya

Haula tana yanka albasa a kicin ɗinta da ke garin Sterling na Amurka, ranar wata Talata da hantsi, sai wayarta ta yi ƙara. Likita Sophia ce, tsohuwar likitar yara da ke zaune a garin Beltsville. Bayahudiya ce, ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a wani asibitin ƙauye a ƙasar Zazzau, kuma har yau Hausarta ba ta gudu ba, sai dai harshen ya yi nauyi. Sun saba ne tun lokacin da Haula take sashen Hausa na gidan rediyo, ta yi hira da ita a kan rigakafin ƙyanda.

Bayan sun gaisa Likita ta ce, "Haula, ki duba mini wani abu. Na rubuta sunana da kalmar rigakafi a wurin bincike na intanet. Abin da ya fara fitowa da Hausa yake. Rabi na gane. Sauran rabin ina fata kuskuren fahimta na yi."

Haula ta goge hannu ta buɗe komfuta. Ga shi nan a can sama, kafin komai: hotonsu su biyu a ɗakin watsa shirye-shirye, an rubuta da manyan baƙaƙe, "Bayahudiyar da ta zo kashe mana haihuwa ta amsa laifinta a gaban Haula." A ƙasa an sa murya. Ta danna, ta ji Likita tana cewa, "Ba ma so a haifi yaro." Shi ke nan, aka datse.

Haula ta san jimlar kamar sunanta. Abin da matar ta faɗa shi ne, "Ba ma so a haifi yaro ya mutu kafin ya fara tafiya."

Haula ta mayar da wayar kunnenta. Ta ce, "Likita, daidai kika gane. Ƙarya ce, kuma da sunana aka yi ta. Ki bar ni da su."

Ta manta da girkin. Ta rubuta "Yahudawa" kawai ta bincika, ta sake rubuta "su wane ne Yahudawa". Cikin shafuka goma na farko, bakwai zagi ne da tatsuniyoyin makirci, wani yana kwafar wani har da kuskuren rubutu. Ta gane dalili. Abin da aka rubuta da Hausa a kan wannan batu bai taka kara ya karya ba, don haka duk wanda ya riga zuba shararsa, ita injin binciken zai kwaso ya miƙa wa mai tambaya.

Ta cike fom ɗin ƙorafi na kamfanin binciken. Bayan kwana biyu aka amsa mata da Turanci mai laushi cewa an duba, ba a ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba. Wa ya duba? Da wane kunne ya ji Hausar? Ta zauna ta juya shafin gaba ɗaya zuwa Turanci, layi bayan layi, tana buga kowace ashar da yatsunta, ta aika. Amsar da ta dawo ita ce ta farko, ko waƙafi ba a canja ba.

A sauraro na wajen goma ne ta lura da wani abu. Kafin Likita ta yi magana akwai tarin da Haula ta yi, wanda aka cire kafin a watsa shirin. Ke nan wanda ya sa muryar yana da ɗanyen faifan. Mutum ɗaya ne ya tace wannan hirar: Nazir, wanda ita ta koya masa aiki da hannunta, wanda yanzu yake jigilar fasinja a filin jirgin Dulles.

Ba ta kira shi ba. Ta ɗauki mota ta tafi filin da direbobi suke fakin suna jiran fasinja. Ta same shi ya jingina da motarsa yana cin gyaɗa.

"A'a, Anti Haula! Lafiya?"

Ta ɗaga masa wayar a fuska. "Wa ya ba ka izinin sa sunana a kan wannan ƙazanta?"

Ya kalli wayar, ya kalli ƙasa. Bai musa ba. Ya ce, "Anti, ba ki ganin abin da ake yi wa mutane a Gaza? Yara ƙanana. Mu kuma sai mu yi shiru?"

"Ina gani, har abinci yana gagarata. Na fita zanga-zanga a Washington sau huɗu, ban gan ka ko sau ɗaya ba. Amma gaya mini, wane jirgin yaƙi tsohuwar nan ta tuƙa? Shekararta saba'in da takwas. Ƙuruciyarta a ƙauyukanmu ta ƙare tana ɗora wa yaranmu ruwa."

"Ai duk ɗaya suke."

"Duk ɗaya? Ranar da fasinja ya ga sunanka ya soke tafiya, ya ce ba ya shiga motar ɗan ta'adda, wa ka kira kana huci? Ba ni ba? Ka ce an yi maka kuɗin goro. Yau kai ne kake yi wa wata, har da almakashi!"

Direbobi biyu suka matso. Nazir ya rage murya ya ce, "Anti, a yi a hankali, ana kallonmu."

"A kalle mu! Wata uwa a garin Giwa za ta karanta wannan ta ɓoye ɗanta ranar allura saboda ta ga sunana ta yarda. In ƙyanda ta ɗauke shi, kai da Allah. Ni na koya maka yanka murya don ka cire tari da in'ina, ban koya maka yanke gaskiya ba."

Ya sauke shafin a ranar, amma ina amfani? Wasu shafuka biyar sun riga sun kwafa, ɗaya daga cikinsu ya haye gurbinsa a can sama.

Sai Haula ta daina jiran kamfani. Ta nemo cikakkiyar hirar a tsohuwar komfutarta, ta sa ta a intanet da rubutunta kalma bayan kalma. Ta rubuta wani bayani a kan yadda aka datse jimlar. Ta ƙara wasu da Hausa mai sauƙi: su wane ne Yahudawa, mene ne bambancin addini da gwamnati, daga ina tsofaffin ƙarairayin nan suka samo asali. Ta bi masu ƙananan jaridun intanet a Kano da Jos da Yamai tana roƙon su buga, su kuma nuna inda aka samo, don injin ya ga mutane suna komawa can. Wasu suka buga. Wani edita da suka yi shekara ashirin da sani ya ce, "Hajiya, yanzu ba lokacin kare Bayahude ba ne." Ta ce masa ƙarya ba ta da lokacin da take halatta, ta kashe wayar. A ƙarƙashin rubutunta kuwa aka yi ta kiran ta 'yar koren Yahudawa, har wani ya ce a binciki musuluncinta.

Sai da aka yi mako bakwai kafin cikakkiyar hirar ta hau sama idan an nemi sunan Likita. A kan kalmar "Yahudawa" kuwa, bayaninta bai wuce na uku ba, zagi biyu suna bisa kansa. Wannan yana cin ranta, ba ta kuma daina rubutu ba.

Da azumi ya kusa, Nazir ya aiko mata da saƙo mai tsawo yana neman gafara. Ta karanta sau biyu. Ta rubuta masa, "Nawa haƙƙin na yafe. Na biyu ba nawa ba ne." Ta haɗa masa da lambar wayar Likita Sophia. Ya karanta, alamar ta nuna. Har yau bai kira ta ba.