Bilqis Ya Zaɓa

Bilqis ta matse lemon tsami a kan naman da ke gabanta har 'ya'yan suka fito, don dai kada ta jefi yayanta da shi.

Gidan abincin mutanen Meziko ne a unguwar Mushairib ta Doha, kuma Issifu ne ya zaɓi wurin. Mutumin zangon Kumasi ne, direban motar asibitin da take aikin likita, kuma shi take so ta aura. Yau ya fara zama gaban Yaya Abdulbaqi, wanda Hajiyarsu a Kano ta ce duk abin da ya gani, shi ta gani.

"Na sa a ƙara barkono," in ji Issifu, yana tura masa kwanon markaɗaɗɗiyar fiya. "Bilqis ya ce kana son yaji."

Abdulbaqi ya ajiye cokali. "Wa ya ce?"

"Bilqis."

"Ikon Allah. Ashe ƙane gare ni ban sani ba."

Haka mutanen zango suke magana, mace da namiji duk "ya" ne, har mahaifiyarsa. Ranar da ta fara jin haka a bakinsa ita ma ta yi dariya. Daga baya sai ya zama in ya ce "Bilqis ya gaji," ji take kamar an sauke mata kaya.

Issifu ya yi murmushi, ya nuna waje ta taga. "Yaya, nan na fara kwana da na zo Doha, kafin a rushe unguwar. Indiyawa, 'yan Sudan, mu, kowa baƙo. Zango ne sosai. Shi ya sa na so a nan..."

"Malam Issifu," Abdulbaqi ya katse shi, yana juya naɗaɗɗiyar gurasarsa da yatsa, "wake da shinkafa aka naɗe mana a tsumma, na haƙura. Amma sake faɗa mini, wa ya ce ina son yaji? So nake in naɗi muryar a waya, Hajiya ta ji surukinta."

Ya kuwa ɗaga wayar.

Issifu ya buɗe baki. Ta ga yana laluben kalmar, yana gyara harshe kamar mai tafiya a kan kwalabe.

"Bilqis... ta ce."

Wannan ne ya fi yi mata ciwo. Mutumin da ke kurɗawa cikin cunkoson Doha da mai naƙuda a bayansa bai taɓa daburcewa ba, yau ga shi ya daburce a gaban tebur saboda harafi ɗaya. Kuma ita ta jawo shi nan, ita ta ce masa Yaya ba shi da matsala.

"Ka gani, ana koya," Abdulbaqi ya ce. "Nan da shekara goma sai mu duba maganar."

Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo hannun yayanta mai riƙe da wayar zuwa bakinta, a hankali, ba ta ɗaga murya ba.

"Hajiya, ina wuni. Yaya zai kira ki anjima da bayani mai tsawo. Ga gajeren: Bilqis ya zaɓa."

Ta danna ta aika. Sannan ta janye kwanon fiyar daga gaban yayanta, ta ajiye shi gaban Issifu.

"Ci," ta ce. "Kai ka sa barkonon."