Rina a Ƙolin Jigo

Tun da matar Bahtiar ta rasu bai ƙara fita teku da jirgi mai zanen da iska ke turawa ba. Ƙaramin jirgin da mahaifinsa ya bari yana nan ɗaure a gindin gadar katako ta bakin ruwa a bayan gidansu, rana na dukansa, gishiri na cinsa, shi kuwa mai jirgin sai ƙiba yake tarawa a rumfar mai kofi. Shi ya sa da ya leƙo kicin ɗin ƙanwarsa Rusnah wata safiya yana tambayar inda aka ajiye zanen, ta san akwai magana a ƙasa.

Maganar kuwa Sapiah ce, bazawara mai busar da kifi a tsibirin da ke tsallake. An ce ta taɓa faɗi a kasuwa cewa mazan da suka iya tafiya da iska sun ƙare, sai masu hayaƙin inji. Bahtiar ya ƙudurta da iska zai je neman aurenta, kuma Rusnah ce za ta yi magana a madadinsa, tunda manyansu duk sun riga mu gidan gaskiya.

Rusnah ta dafa shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, ta naɗe a ganyen ayaba, ta sa rigarta ta biki. Suka ɗaura zanen, Bahtiar ya kama igiyar da ke ɗaga shi zuwa saman jigo, dogon itacen da ke tsaye a tsakiyar jirgin, ya ja. Zanen ya kai rabi ya cije. Ya tattara nauyinsa duka ya ƙara ja, sai igiyar ta tsinke ta bar masa guntu a hannu, zanen ya rufto wa Rusnah a ka.

Da ta fito daga ƙarƙashinsa, ta ce a ja jirgin kan yashi a kwantar da shi a duba saman. Bahtiar ya ce wannan aikin tsofaffi ne, shi da yana saurayi har da kwanon abinci a hannu yake hawa jigon nan.

"Abang," in ji Rusnah, haka suke kiran yaya namiji, "a wancan lokacin jigon ya fi ka kauri."

Bai kula ta ba. Ya naɗe zanin da ke ƙugunsa ya rungumi jigon ya fara hawa yana nishi, jirgin na tangaɗi, Rusnah ta koma ɗaya gefen ta rataya don kada su kife. Abin mamaki, ya kai. Ya zura yatsa cikin ramin da 'yar wilin da igiya ke bi take, don ya ji abin da ya hana ta juyawa. Ashe rina ce ta yi gida a ciki.

Rusnah dai ta ga ya saki hannu biyu yana marin kansa, sai kuma ta ji ƙarar faɗawarsa ruwa. Matan maƙwabta da ke wanki a kan gada suka riƙe ciki don dariya, sa'annan suka sauko suka taya su jan jirgin.

Da aka kwantar da jirgin a yashi, ƙolin jigon ya zo daidai gwiwa. Rusnah ta kunna ɓawon kwakwa ta yi wa gidan rinar hayaƙi har suka watse. Bahtiar ya zauna a ƙasa jiƙe sharkaf, ido ɗaya ya riga ya rufe, ya fara aiki. Ƙusar da ke riƙe wilin ta yi tsatsa ta manne. Ya buge ta da wata ƙusar, ya kankare ramin da wuƙa, ya shafe wilin da man kwakwa, ya sa wata ƙusa ta tagulla daga gwangwanin tarkacen mahaifinsu. Ya zura sabuwar igiya, ya ƙona bakinta don kada ya warware. Ya bi igiyoyin da ke riƙe jigon ta gefe da tafin hannu, ya tarar ɗaya ta cinye a inda take goga ƙarfe, ya yanke wurin ya sake ɗaurin. Rusnah na riƙe masa jigon tana kallon hannuwansa. Ba su manta komai ba. Can ta ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ta daɗe ba ta ji a bakinsa ba, sai ta kau da kai kamar hayaƙi ne ya shige mata ido.

Aka tayar da jirgin. Wannan karon zanen ya haye sumul. Amma da Bahtiar ya ga fuskarsa a madubin babur ɗin maƙwabci, sai ya ce a ɗaga tafiyar sai kumburin ya saɓe. Rusnah ta ce shinkafa ba ta jira, ita kuma ba za ta sake goge riga ba.

Iska ta yi musu kirki. Sapiah na juya kifi a kan gada lokacin da suka iso, kuma ga alama tun daga nesa take kallon zanen. Ta dubi Bahtiar, leɓe ya yi suntum, kunci kamar ya ɓoye mangwaro, ta juya wurin Rusnah.

"Kullum haka fuskarsa take?"

"A'a, Kak," in ji Rusnah, tana kiranta yaya da yarensu. "Amma kada ki sa rai da yawa."

Sapiah ta yi dariya har ta zauna. Ta daka albasa da lemun tsami ta shafa masa da hannunta. Game da maganar da ta kawo su, ta ce sai a je wurin wanta kamar yadda aka saba, amma a kicin ta raɗa wa Rusnah cewa ita shuɗin yadi take so a kayan aure.

A hanyar dawowa iska ta ɗauke ɗif. Bahtiar ya ɗauki itacen tuƙi ya yi ta tuƙi har gida ba ko ƙorafi, Rusnah kuwa ta miƙe ƙafa tana cin soyayyar ayabar da aka ba su tsaraba.