Muryar Kawu Ƙaguwa

Tun da tsufa ya fara cin hankalin mahaifinta, Harue ta bar aikinta ta dawo gida, garin Hachinohe, tana jinyarsa. Tsoho Tsuneo ya manta sunanta, ya manta yadda ake riƙe tsinken cin shinkafa, amma bai manta Kawu Ƙaguwa ba.

Kawu Ƙaguwa zanen ƙaguwa ne mai motsi, ja, da hular masunta, wanda ke gabatar da shirin yara a gidan talabijin na garin tun zamanin hoto baƙi da fari. Tsuneo ne ke ɓoye bayan labule yana yi masa murya, yaran unguwa na zaune a gaba suna amsawa. An daɗe da rufe shirin.

Yanzu kullum da la'asar sai tsohon ya miƙe zaune, ya fuskanci tabarma, siririyar muryar Kawu Ƙaguwa ta fito daga bakinsa.

"Yara manyan gari! Wa ya wanke hannu yau?"

Sai ya yi shiru, ya karkata kai, ya fashe da dariya kamar an ba shi amsa. Harue kan koma wurin girki.

Wata rana ta shigo da miyar kifi.

"Baba, ga abinci."

"Ke yarinya, bari mana! Noboru na magana."

Ta ajiye kwanon. Noboru ƙanenta ne. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana ɗan shekara shida, ranar Baba yana wurin aiki yana sa 'ya'yan wasu dariya. Tun daga nan ba a ƙara ambaton sunansa a gidan ba.

Ta durƙusa a hankali. "Me ya ce, Kawu?"

"Wai yayarsa ta ɓoye masa takalmi. Ke ce, ko? Marar kunya!"

Ita ce kuwa. A bayan randar shinkafa ta tura shi, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ce masa ya yi haƙuri," ta ce.

Tsohon ya saurara, ya daɗe. "Ya ce sai ya yi tunani."

Daga ranar nan Harue ta riƙa zama a tabarma duk la'asar, a gefe, ta bar fili a tsakiya. Tsuneo ya rasu lokacin da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ta sayar da gidan ta koma birnin Sendai, inda ta kama ɗaki ɗaya, ba ta sa talabijin a ciki ba.