Tseren Ƙafa Uku

Tun daga bakin get Direba ya fara cika baki. Ya ajiye bas ɗinsa a jikin katangar makaranta, ya shigo filin wasa yana kaɗa makulli a yatsa, 'yarsa mai shekara shida tana riƙe da gefen rigarsa.

"Mamana, kin ga kwalin fensirin can?" Ya nuna teburin kyaututtuka. "Ki ɗauka yana cikin jakarki."

Tunda aka sa yarinyar aji ɗaya, kullum da kuka ake kai ta. Sai makon nan da malamarsu ta ce za a yi tseren ƙafa uku, kowane yaro da uwarsa ko ubansa, na ɗaya zuwa na uku kuma su sami fensir masu launi. Yau da kanta ta tashi ta sa yunifom. Shi ya sa uwarta ta tare shi a ƙofar ɗaki ta ce, "Baban yara, in ka kunyata min ita a gaban 'yan ajinsu, wallahi kai za ka riƙa jan ta makaranta."

Malama ta zo da tsumma ta ɗaure ƙafarsa ta hagu da ta daman yarinyar.

"Baba, mun yi ta gwaji a aji. Ku bar ta ta ja ku."

"Haba Malama! Tuƙi fa sana'ata ce."

Maƙwabcinsu mai walda, da ke tsaye kusa da su ɗaure da ɗansa, ya kwashe da dariya. "Direba, da wannan tumbin? Ai sai a sa masa tasa igiyar!"

"Kai dai toshe hanci, ƙurata za ka sha."

Aka busa usur.

Direba ya zabura kamar an saki danja. Taku ɗaya ya yi, ƙafafun yarinyar suka bar ƙasa, ta juya kamar tsumma a igiya. Ya cafko ta, gwiwarsa ta daki ƙasa, takalminsa ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin 'yan kallo. Fili ya ɗauki shewa.

Ya dube ta. Idonta ya kawo ruwa. Nan take gumi ya keto masa.

"Bari in ɗauke ki mu..."

"A'a! Wanda aka ɗauka ya faɗi!" Ta share hanci da bayan hannu, ta damƙi bel ɗinsa. "Baba, ba haka ake yi ba. In na ce ciki, ƙafar da aka ɗaure. In na ce waje, ɗayar. Kuma ƙanana-ƙanana!"

"To, ranki ya daɗe."

"Ciki! Waje! Ciki! Waje!"

Bai taɓa sanin tana da irin wannan murya ba. Ya rage taku ya bi ta, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ashe duk iyaye mazan nan kuskurensa suka yi: wannan ya harɗe da ɗansa, wancan yana laluben hularsa. Suka wuce mai walda yana zaune dirshan, ɗansa na yi masa faɗa.

"Sannu da hutawa, maƙwabci!"

"Baba, ka yi shiru! Ciki! Waje!"

Uwaye mata biyu sun riga su tsallake layi, amma na uku su ne. Shugaban makaranta da kansa ya miƙa mata kwalin, ta rungume shi a ƙirji.

Direba ya sunkuya zai kwance tsumman, yana haki. Ba ta ba shi dama ba. Ta hango 'yan ajinsu sun nufi ƙofar aji suna kiran ta, ta fizge shi da ƙarfi.

"Zo ka ga kujerata, Baba. Ta kusa da taga ce. Yi sauri mana!"